Wata Shidan Baba Cindo da Masu Kiɗan Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa tafiya da Baba Cindo a titin Riyad ya san ba a sauri da shi. Ba ciwon ƙafa ba ne, ƙafarsa garau take. Matsalar ita ce 'yar masabar nan da ke aljihunsa na dama, ƙaramar gudumar maƙera da ba ta wuce tsawon cokali ba. In ya ga ƙarfe sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa. Turken fitilar titi, ƙofar shago, murfin kwata, tukunyar mai sayar da shinkafar kabsa a unguwar Murabba, duk sun sha masabar nan. Zai buga sau ɗaya, ƙwal, ya karkata kai ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci. Hukuncin kuwa biyu ne rak: ko "ƙarfe," ko "gwangwani." Kuma ba ƙarafa kaɗai yake wa wannan shari'ar ba. Ku da kuke zaman shayi da shi ranar Juma'a a Nasiriyya kun san akwai waɗanda ya kira gwangwani a cikinku. Ba zan kama suna ba, Allah Ya rufa mana asiri.

Ni ne Lawali, ɗan wansa. Shi ya yi mini hanya na zo ƙasar nan, shi ya samo mini aiki a shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Mu zuriyar maƙera ne daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram. Baba ya bar maƙera tun yana saurayi, ya shekara ashirin da ɗoriya yana tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, amma maƙera ba ta bar shi ba.

A can ne ma masabar ta kusa ja masa. Wani ofishin jakadanci ya sa sabuwar ƙofa, ƙatuwa, baƙa wuluk, sai sheƙi take. Baba na zaune a mota yana jiran maigidansa, ƙofar nan na kallonsa yana kallonta. Ya daure, ya daure, ya kasa. Sai ya fito ya je ya ba ta ɗaya, ƙwal. Kafin ya buɗe ido masu gadi uku sun zagaye shi.

"Me kake yi a nan?"

"Gaisawa muke da ƙofa," in ji Baba.

Awa biyu suna juya iƙamarsa, wato katin izinin zaman ƙasa, suna juya masabar, suna tambaya. Da suka gane ba shi da wata cuta sai ta son ƙarfe, suka sallame shi. Wani da ya tsira da kyar ai sai ya kama gabansa, ko? Ban da Baba. Sai da ya juyo ya ce wa babbansu, "Ku gaya wa mai gidan an cuce shi. Gwangwani aka shafa wa fenti." Bayan shekara guda aka cire ƙofar don za a faɗaɗa mashigar. Har ya koma ga Allah, Baba cewa yake maganarsa aka ji.

To, ga yadda ya shigo harkarmu. Ni tun ina yaro hannuna ba ya zama, komai na samu sai na kaɗa. Wata rana wani saurayi Balarabe mai suna Faisal ya kawo gyara shagonmu, ya tarar ina kiɗa da sukundireba biyu a kan ƙwaryar tsohuwar na'ura. Ya tsaya ya saurara, ya ce ƙungiyarsu na neman mai ganga. Irin kiɗansu shi ake kira metal, wato ƙarfe da Turanci: jita mai ƙara kamar injin niƙa, ganguna ba sassauci, mawaƙi kuma yana gurnani daga ƙasan maƙogwaro. Faisal ne mai gurnanin. Muka zama mu huɗu, na shekara ina ɓoye wa Baba, don ban san da wane baki zan yi masa bayani ba.

Ranar da na yi ta maza na faɗa masa, muna cin abincin rana. Na ce, "Baba, na shiga wata ƙungiyar kiɗa."

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Kiɗan me?"

"Kiɗan ƙarfe ake ce masa."

Wallahi sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya kama hannuna da hannunsa na dama, mai ɗan ƙarin yatsan nan da ya sa ake kiransa Cindo, ya ce, "Alhamdulillahi! Gado ba ya ɓata. Ashe akwai maƙera a Riyad ban sani ba? Wa ke buga muku dundufa?"

Dundufa ita ce doguwar gangar da ake yi wa maƙera kiɗa da ita a gida, su fito suna kirari suna wasa da jan ƙarfe. Na buɗe baki zan gyara masa, ina! Ya riga ya ɗauki waya. Kafin la'asar duk ƙauyenmu sun ji cewa Lawali ya farfaɗo da kiɗan maƙera a ƙasa mai tsarki. Har gwaggona ta aiko da saƙon murya tana guɗa.

Wasanmu na gaba a wata istiraha aka yi, irin gidajen shaƙatawar nan da ake haya a bayan gari, da yammacin wata Juma'a lokacin sanyi. Muna cikin haɗa kaya sai ga Baba ya shigo da babbar riga, ya ɗaura walkin fata a kai, awartakinsa na kama jan ƙarfe a hannu. Ya dubi samari sun cika wuri, kowa baƙar riga, wasu gashi har kafaɗa. Ya dube ni.

"Ina wutar?"

"Wace wuta, Baba?"

"Kiɗan ƙarfe ba wuta? To da me za a yi wasan?"

Daidai nan aka kunna injin da ke fesa hayaƙi a dandamali. Baba ya nufi wurin da murna, ya leƙa gaba, ya leƙa baya, ya taɓa ya ji sanyi ƙalau. Ya dawo yana girgiza kai. "Lawali, garin nan har hayaƙinsu na kanti ne."

Na ɗauka waƙar farko za ta kore shi. Sai na hango shi ya je ya dafa babbar sifika, ya karkata kai, ya lumshe ido, samari na ta kaɗa gashi kewaye da shi, shi ko gezau. Da aka tashi muka taru gabansa kamar masu jiran alƙali.

"Waƙar dai ban ji ko kalma ɗaya ba," in ji shi. "Yaron nan kamar an taka masa wuya. Amma abin da ke ƙasan kiɗan, wanda ke dukan ƙirji, wannan ƙarfe ne." Sai ya juya ga Faisal da Larabcinsa na direbobi. "Kai ɗan gidan wane maƙeri ne?"

Faisal ya ce, "Ya ammi," wato ya baffa, "babana likitan haƙori ne."

Baba ya yi nazari. "Yana riƙe awartaki?"

"Yana riƙewa."

"Halas, magana ta ƙare. Ɗan gado ne."

Daga ranar ya naɗa kansa direbanmu. Ya raɗa mana suna 'Yan Zugazugi, wai iskarmu ta fi aikinmu yawa. Lokacin an fara sakin mara ga wasannin kiɗa a ƙasar, ko'ina kiranmu ake, Faisal kuwa ba ya cewa a'a. Wannan makon Dammam, na gaba Jidda, mu dawo Riyad, mu sake komawa Dammam. Duk ƙarshen mako muna cikin bas, Baba na tuƙi. In lokacin salla ya yi, ko a tsakiyar sahara ne sai ya taka birki, ka ga masu gurnani sun ɗaure gashi sun yi sahu a bayansa lafiya lau. Na san akwai waɗanda ba sa son kiɗanmu a cikinku, kuma ban ce dole ba. Amma ku shaida, a hannun Baba ko la'asar ɗaya ba ta taɓa kuɓuce mana ba.

Mu muna ƙirga garuruwa, shi yana sauraron tafi. In an gama wasa ana tafawa, sai ya karkata kai kamar yadda yake wa ƙofofi. Watannin farko yakan ce, "Ƙarfe." Da aka jima sai ya fara yin shiru. Wata rana muna dawowa daga Dammam ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Tafin yau gwangwani ne."

Faisal ya ce ai ɗakin ya kusa cika.

"Tafin kunya suka yi muku. Ina Dogon Gaba?"

Dogon Gaba wani dogon saurayi ne ɗan Riyad da ba ya fashin wasanmu, kullum yana sahun farko, har Dammam yake bin mu da motarsa. Sai a lokacin muka lura mun yi wasa huɗu ba mu gan shi ba. Baba ne kaɗai ya san ranar da ya daina zuwa.

Nan gardama ta tashi, kuma ta yi watanni. Faisal na ganin in ka ɓace mako biyu an manta da kai, ƙungiyoyi sababbi na fitowa kullum, wanda ba a gani ba ya mutu. Baba na ganin mun zama tuwon jiya. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni, don gangar nan ita ce abu ɗaya a ƙasar nan da nake yi ba don iƙama ba. In masoya suka watse, ƙungiya ta watse, na koma ni da sukundireba.

Da Faisal ya ga Baba da karin magana yake kayar da shi, sai ya roƙe ni in koya masa guda. Na koya masa "zumunta a ƙafa take." Ya kwana uku yana haddacewa. Muna tsaye a gidan mai ya gyara murya ya ce, "Ammi Shindo! Zumunta a kafa take!"

Kun san Balarabe da ƙa. Ƙafar tafiya ta koma kafa, wato 'yar huda. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gaskiyarka, ɗana! A kafa take, kuma ta kafar nan take zurarewa kuna kallo." Da ya nutsu sai ya ce da ni, "Fassara masa wannan: ido, wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe."

Sannan ya ba mu labarin kakana. Ya ce tsohon ba ya bin kasuwanni kowane mako. Yakan zauna a maƙera duk rani yana ƙira, sai gab da damina ya ɗora sababbin fartanyoyi a jaki ya zaga ƙauyuka, mutane na rububi. "Zuwa yana da kyau, ban hana zuwa ba. Ƙarfen da aka ajiye tsatsa yake yi. Amma wanda aka bari cikin wuta kullum, kashin maƙera yake komawa. Ku shekara guda kuna yawo da fartanya ɗaya, waƙa takwas ɗin nan har ni na iya gurnaninsu."

Faisal bai ji ba, sai da muka yi wasa a Riyad, garinmu, mutum goma sha ɗaya suka zo. Cikinsu har da mai gadin wurin da wani da ya yi ɓatan hanya yana neman ɗaurin aure. Muna loda kaya Faisal ya ce maganin abin shi ne a ƙara yawan wasa. Baba ya zare makullin bas, ya zura shi a igiyar wuyansa, ya mayar cikin riga.

"Ba inda za a sake zuwa."

"Har yaushe, ya ammi?"

Baba ya ɗaga hannun dama ya ware yatsu.

"Wata biyar?" in ji Faisal.

"Sake ƙirgawa."

Faisal ya duba da kyau, ya ga ɗan ƙaramin na shida a gefe, ya dafe kai. Ya ce zai yi hayar wata motar. Baba ya ce bismilla, sai dai shi zai kira Ummu Faisal ya gaya mata ɗanta ya rame a hanya, ba ya cin abinci sai na gidan mai. Jama'a, mutumin da in ya yi gurnani sifika ke rawa, sai ga shi yana cewa, "La, la, ammi, ban da mama." Ashe tun tuni Baba da mahaifiyar Faisal suke gaisawa ta waya, tana aiko masa da dabino, yana kai mata rahoto.

"To yaya za mu san ba a manta da mu ba?" Ni na yi wannan tambayar, don ita ke cina.

"Kada ku ce wa kowa komai. Ku bari sai wani ya tare ku ya ce, ina kuka shiga? Ran da kuka ji wannan, kuna da mutane. In ba wanda ya tambaya, dama ba ku da su, gara ku sani."

Bai bar mu mu yi zaman banza ba. Duk Asabar da safe sai ya kwashe mu zuwa unguwar masana'antu, garejin wani abokinsa. Ya bi tarin tsofaffin ƙarafa da masaba, ƙwal, gwangwani, ƙwal, gwangwani, har ya tsamo sifirin mota guda bakwai da suka ci jarrabawa. Faisal ya ce a sayi sababbi mana. Baba ya ce sabon ƙarfe bai sha wuya ba, ba shi da abin faɗa. Ya yanka su tsayi daban-daban, ya rataye a katako, kowanne da muryarsa. Ya zaunar da ni ya koya mini kiɗan dundufa da bugun da maƙera uku ke yi in sun haɗu kan ƙarfe ɗaya, wannan ya sauke, wannan ya ɗaga. In na kuskure sai in ji masaba a gwiwa. A kan wannan bugun muka gina sababbin waƙoƙi shida. Har cikin ɗaya Faisal ya yi gurnani da Hausa, Baba ya ce a karo na farko ya gode Allah da ba a jin kalmomin.

Wata ɗaya, wata biyu, wata uku, ba wanda ya tambaye mu. Faisal ya daina duba waya a gabanmu don kada mu ga fuskarsa. Ni ma na fara zargin ko tsohon nan ya kashe mu da karin magana. Shi kuwa ko a jikinsa, duk ƙarshen wata sai ya ɗaga hannu ya lanƙwashe yatsa ɗaya ya ce saura kaza.

A wata na biyar ya kwanta. Kwana tara ya yi a asibiti. Ranar da na kai masa kunu da hantsi, na tarar ya ƙwanƙwasa ƙarfen gadon da ɗan yatsa yana jiran in tambaya. Na ce, "Yaya, Baba?" Ya ce, "Gwangwani. Amma masu jinyar ƙarfe ne." Ya ciro makullin bas daga wuyansa, ya haɗa da masabar ya damƙa mini. "Saura ɗaya. Kada ka bari Balaraben nan ya yi maka wayo." Washegari bayan azahar Allah Ya karɓi abinsa. Yawancinku kuna wurin jana'iza, kun ga Faisal a sahun gaba yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Na yi zaton da an share makoki Faisal zai nemi makulli. Ni ma kaina na ce masa ko mu fita mu huce. Sai ya ɗaga hannu ya ware yatsu biyar, ya kawo ɗan yatsa ɗaya na hagu ya jingina a gefe.

Saura kwana goma wata na shida ya cika, ina kan tsani a wani kantin magani a Murabba ina kwance na'ura, sai na ji an ce daga ƙasa, "Kai ba kai ne mai gangar nan ba?" Na duba. Ban ma sunkuya sosai ba, don kansa ya kusa kai inda nake. Dogon Gaba ne, da farar rigar aiki.

"Wenkum?" in ji shi. "Ina kuka shiga? Mun yi ta nemanku, har mun ɗauka kun rabu."

Na riƙe tsanin nan da hannu biyu. Bawan Allah ya rasa me ya faɗa da ya sa mai gyaran na'ura ke hawaye.

Da wata shida suka cika, muka yi wasan dawowa a istirahar nan ta farko, bayan la'asar. Ba zan ce duk Riyad ta zo ba, amma wurin ya cika har ana tsayuwa a bakin ƙofa, Dogon Gaba na sahun farko da abokansa. A can baya kuma ga wasunku, direbobi da magina 'yan Maraɗi da Damagaram, kun sha hula kun harɗe hannu, kun zo ne don Baba ba don gurnani ba. Na gan ku. Na kuma ga lokacin da na ajiye sanduna na ɗauki masabarsa na hau kan sifirin nan bakwai da bugun maƙera, hannuwan da aka harɗe suka warware. Alhajin da Baba ya fi kira gwangwani shi ya fara yin kirari.

Da aka gama aka ɗau tafi, ban san sanda na karkata kai na lumshe ido ba. Faisal ya matso ya ce a kunnena, "Esh? Me ka ji?" Na ce masa, "Ƙarfe."

Yanzu muna fita, amma sau ɗaya a gari, sai mun ƙera sabo mu koma. Makullin bas yana wuyana, masabar tana aljihuna na dama, kuma ina sanar da ku tun yanzu, ba a sauri da ni a titi.

Baba yakan ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Mu huɗu mun yi ta bugun iska, sai da ya zo ya zama na biyun da muka bugu da shi. Allah Ya jiƙan Baba Cindo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya nisanta shi da wutar da ba ta maƙera ba. Ya Allah, ran da ya iso ƙofar Aljanna, Ka sa ya tarar da ita a buɗe. In kuwa a rufe take, to Ka yi masa uzuri, don sai ya ƙwanƙwasa.